Wa ke riƙe da sitiyarin gasar rali ta duniya?

A watan Nuwamban 2016 kamfanin Volkswagen na Jamus ya sanar da cewa ya gama da gasar rali ta duniya. A lokacin babu tawagar da ta kama ƙafarsa. Cikin shekara huɗu, daga 2013 zuwa 2016, ƙaramar motarsa Polo ta shiga tsere 52 ta ci 43, ta kwashe kambun kamfanoni sau huɗu a jere, direbansa Sébastien Ogier shi ma ya haɗa na direbobi huɗu. Har an riga an ƙera motar da za ta yi kakar 2017, an sha kai ta gwaji, amma ba ta taɓa tsayawa a layin farawa ba. Abin da ya kashe tawagar ya faru ne nesa da inda ake tsere. A Satumban 2015 hukumomin Amurka suka bankaɗo cewa kamfanin ya sanya wa motocinsa masu shan dizal wata manhaja da ke ɓoye yawan hayaƙin da suke fitarwa idan ana gwada su. Tara da diyya suka haura biliyoyin daloli, manyan kamfanin suka shiga laluben inda za a tsuke bakin aljihu, wuƙa ta faɗa kan tawagar da ba ta da laifin komai.

Duk mai son ya san inda wata tawaga ta dosa a wannan gasa, daga nan ya kamata ya fara. Masu sharhi sukan ɓata lokaci wajen auna direbobi da saurin motoci, kuma da gaskiyarsu, don abin da ido ke gani ke nan. Amma tarihin gasar ya nuna cewa ƙarfin tawaga da tsawon ranta suna hannun mutanen da ke sa hannu a kasafin kuɗi a hedikwatar kamfani, waɗanda wasunsu ba su taɓa shaƙar ƙurar tsere ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, rali ya sha bamban da tseren Formula 1, inda motoci ke zagaye fili ɗaya kafaɗa da kafaɗa. A rali ana rufe hanyoyin da jama'a ke bi ne, na kwalta ko na tsakuwa ko na dusar ƙanƙara, a yanka su zango-zango, a riƙa sakin motoci ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan mintuna. Abokin karawar direba agogo ne. Bayan kwana uku ko huɗu, da kusan kilomita 300 na gudu, sai a haɗa lokutan, wanda nasa ya fi kaɗan ya yi nasara. A gefen direba akwai mai karanta masa hanya, wanda ke faɗa masa kaifin kowace kwana da kowane tudu kafin ya gan su. Hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, ce ke kula da gasar, wadda aka fara a 1973, kuma abin lura shi ne da kambun kamfanoni kaɗai aka fara ta. Na direbobi sai a 1979 ya zo, Björn Waldegård na Suwidin ya fara ɗauka. Wato tun ran gini tun ran zane: don masu ƙera motoci su baje kolinsu aka kafa gasar.

To me kuɗin kamfani ke saya? Mutum zai ce mota mai gudu, amma wannan shi ne mafi ƙanƙanta. Dokoki sun matse motocin rukunin ƙoli, wanda ake kira Rally1, har sun yi kusa da juna ƙwarai: inji mai lita 1.6 da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), ƙarfin doki kusan 380, taya huɗu duka na ja, kuma kamfani ɗaya ke ba kowa taya, Hankook, tun 2025. Bambancin da ke tsakanin motar da ta ci da wadda ta zo ta biyar kan kasance 'yan ɓurɓushin daƙiƙa a kowace kilomita. Waɗannan ɓurɓushin ne ke da tsada. Suna fitowa daga gwaji, daga injiniyoyin da ke zaune kan bayanan da mota ta tara suna gyara shokoba da giya, daga iya sauya sashen da ya gaji kafin ya karye maimakon a lallaɓa shi ya ƙara tsere ɗaya. FIA ta taƙaita kwanakin gwaji don rage gibin, ta kuma ƙayyade yawan sauye-sauyen da za a iya yi wa mota bayan an amince da zanenta. Amma doka iyaka kawai take sawa, kuma akwai tawagar da ke cinye duk abin da aka yarda mata, akwai wadda aljihunta ba ya kai ta bakin iyakar.

Abu na biyu da kuɗi ke saya shi ne yawan gwanaye, kuma a nan lissafin maki ya shigo. Kowace tawaga tana da damar zaɓen motoci uku da za su nemo mata maki, a ɗauki sakamakon biyu mafi kyau. Tawagar da ke da ƙwararru uku tana da madogara idan ɗaya ya faɗa rami. Wadda ke da gwani ɗaya da 'yan koyo biyu kuwa, ranar da gwanin ya yi faci, ta tashi a tutar babu. Akwai kuma batun jerin fita. A ranar farko ta tseren tsakuwa, wanda ke kan gaba a teburin gasa shi ke fara shiga hanya, ya share wa na baya tsakuwar da ke sa taya sulɓi. Tawaga mai hali takan ajiye wani tsohon hannu da ba ya yin dukkan tserukan shekara, saboda makinsa kaɗan ne zai fita a baya, ya tarar da hanya a share. Hyundai ta daɗe tana cin moriyar wannan dabara da Dani Sordo na Sifen. Dabara ce halastacciya, sai dai tana buƙatar albashin direba na huɗu.

A yau tawagogi uku ne kacal a rukunin ƙoli, kuma kowace tana wakiltar wani nau'in goyon baya daban.

Toyota ita ce wadda uwar kamfani ta rungume da hannu biyu. Labarinta da rali tsoho ne, kuma da tabo a jiki. Ta ɗauki kambun kamfanoni a 1993 da 1994 da motar Celica, sannan a 1995 aka kama ta a tseren Kataloniya da wata dabara da ke barin iska ta kauce wa maƙogwaron da doka ta sa a bakin turbo. Aka soke makinta na shekarar, aka dakatar da ita wata goma sha biyu. Ta dawo ta ci kambun 1999 da Corolla, ta tattara nata ya nata ta nufi Formula 1, inda ta zuba dukiya daga 2002 zuwa 2009 ba tare da ta ci tsere ko ɗaya ba. Dawowarta rali a 2017 aikin mutum ɗaya ne, Akio Toyoda, shugaban kamfanin a lokacin kuma jikan wanda ya kafa shi, wanda shi kansa yake tuƙa motar tsere da laƙabin Morizo. Ya damƙa tawagar a hannun Tommi Mäkinen, zakaran duniya sau huɗu, aka kafa sansani a yankin Jyväskylä na ƙasar Finlan, cikin dazuzzukan da suka fi ko'ina haifar direbobin rali. A tsere na biyu kacal Jari-Matti Latvala ya ci na Suwidin, a 2018 kambun kamfanoni ya zo. Latvala ɗin ne ya karɓi ragamar tawagar daga 2021, kuma daga wannan shekarar zuwa 2025 kambun bai bar hannunsu ba, sau biyar a jere. Jimilla tara ke nan, sun wuce takwas na Citroën, saura ɗaya su kamo Lancia mai goma.

Abin da ya bambanta Toyota shi ne rali ya shiga cikin kasuwancinta. Ta ƙera motar titi mai suna GR Yaris a 2020 saboda gasar, tana sayar da ita. Ta fitar da motar tsere ta rukuni na biyu, wato Rally2, a 2024, tana sayar wa masu zaman kansu. Tana da shirin renon matasan direbobin Japan, wanda Takamoto Katsuta ya fito daga cikinsa. A 2025 takan jera motoci biyar a tsere ɗaya, har sai da ta yi rajistar tawaga ta biyu don matashi Sami Pajari. Ta ci 12 daga tseruka 14 na shekarar. Ogier, wanda ya tsallake tsere uku da gangan, ya ɗauki kambunsa na tara ya kamo Sébastien Loeb na Faransa, wanda shi kaɗai ke da kambu tara a da, kuma wanda ya fi matsa masa abokin tawagarsa ne, Elfyn Evans. Da aka ara wa Oliver Solberg mota sau ɗaya a Istoniya, shi ma cin tseren ya yi. Kalle Rovanperä, wanda ya zama zakara mafi ƙuruciya a 2022 yana ɗan shekara 22, ya sanar da barin rali a ƙarshen 2025, amma tawagar ba ta girgiza ba, don akwai wanda zai hau kujerar. A Kenya ma, tun da tseren Safari ya dawo cikin gasar a 2021, Toyota ta kwashe matsayi na ɗaya zuwa na huɗu a 2022, ta sake maimaitawa a 2023, a hanyoyin Naivasha da ke kwance mota ƙusa-ƙusa.

Sai dai ni ina ganin rauninta yana cikin ƙarfin nata. Goyon bayan da ya rataya a kan shauƙin shugaba ɗaya yana da inganci muddin shugaban na nan. Toyoda ya sauka daga kujerar babban jami'in gudanarwa a 2023 ya koma shugaban hukumar daraktoci, har yanzu maganarsa na da nauyi. Amma ko wanda ya fi kowa son wasa zai fara hamma idan kullum shi da 'ya'yansa ne a fili. Nasarar da aka samu a kan abokan hamayya biyu, ɗaya daga cikinsu ma ɗingishi yake, ba ta sayar da mota kamar wadda aka ƙwata daga hannun kamfanoni shida.

Hyundai ta Koriya ta Kudu ita ce nau'i na biyu: kamfani mai kuɗi, mai cikakkiyar tawaga, amma zuciyarsa a rabe. Ta taɓa gwadawa daga 2000 zuwa 2003 da motar Accent ba ta yi abin kirki ba. Ta dawo a 2014 da sansani a Alzenau kusa da Frankfurt, ta ci tserenta na farko a Jamus a shekarar, kuma rali ya taimaka mata wajen kafa layin motocinta masu gudu da ke ɗauke da harafin N. Ta ɗauki kambun kamfanoni a 2019 da 2020. Daga nan aka fara ganin yadda jinkirin ofis ke bayyana a kan hanya. Kamfanin ya yi nawa wajen amincewa da aikin motar sababbin dokokin 2022, shugaban tawagar Andrea Adamo ya tafi a Disamban 2021, aka shiga tseren Monte Carlo da motar da ba ta gama nuna ba, aka kuma yi shekarar duka da shugaban riƙo. Makanikai da injiniyoyi sun yi ƙoƙari, motar ta ci tsere biyar kafin ƙarshen kakar, amma makin da aka zubar a farkon shekara ya riga ya tafi.

Kakar 2024 ta nuna cewa idan Hyundai ta tattara hankalinta tana iya karawa da kowa. Thierry Neuville na Beljiyam, bayan ya zo na biyu har sau biyar, ya samu kambun direbobi. Na kamfanoni ma yana hannunsu har safiyar ranar ƙarshe a Japan, sai direbansu Ott Tänak ya kauce hanya yana kan gaba, Toyota ta ƙwace a zangon ƙarshe na shekara da ratar maki uku. Amma a cikin wannan shekarar ce kamfanin ya bayyana cewa zai shiga gasar tseren juriya ta duniya, mai tseren sa'o'i 24 na Le Mans, da sunan Genesis, tambarinsa na motocin alfarma, daga 2026. Cyril Abiteboul, wanda aka ɗauko daga duniyar Formula 1 a 2023 ya jagoranci harkar tsere ta kamfanin, shi ne kuma ke kan wancan aikin. Taura biyu ba ta taunuwa. Kamfanin ya ɗauki watanni kafin ya tabbatar da zamansa a rali na 2026, kuma irin wannan shiru yana da farashi. Injiniyan da bai san ko aikinsa zai kai baɗi ba yana sauraren tayin wasu, direba ma haka. A 2025 tsere biyu Hyundai ta ci, na Girka da na Saudiyya.

Nau'i na uku shi ne M-Sport, kuma labarinta ne ya fi koyar da darasi. Sunan Ford na jikin motar, amma tawagar mallakar Malcolm Wilson ce, tsohon direba, tana zaune a Dovenby Hall a arewa maso yammacin Ingila. Tun 1997 take gudanar wa Ford harkar rali, ta kawo masa kambun kamfanoni a 2006 da 2007. A ƙarshen 2012 Ford ya janye cikakken tallafinsa. Da wata tawagar ce da ta rufe ƙofa, amma Wilson yana da sana'ar da ke ciyar da shi: yana ƙera motocin rali na ƙananan rukunoni yana sayarwa, yana sayar da kayan gyara, yana ba da hayar kujera ga direban da ya zo da kuɗinsa ko da masu ɗaukar nauyinsa.

Sai ga faɗuwar wani ta zama tashin wani. Ficewar Volkswagen ta bar Ogier babu mota, makonni kaɗan kafin sabuwar kaka. Wilson ya yi kasada ya ɗauke shi, da taimakon kuɗin Red Bull. A 2017 M-Sport ta ci tsere biyar ta hannun Ogier da Tänak da Evans, ta haɗa kambun direbobi da na kamfanoni, ta doke Hyundai da Toyota da Citroën masu cikakken goyon baya. Ford ya ƙara tallafi a 2018, Ogier ya sake zama zakara. Masu son wasan suna yawan kafa hujja da wannan don nuna cewa kuɗi ba komai ba ne. Ni kuwa ina ganin abin da ya biyo baya ya fi nasarar bayani. Dokoki sababbi ne a 2017, kowa daga tushe ya fara, kuma a irin wannan lokaci basirar ƙaramar tawaga kan yi tasiri. Da shekaru suka ja, masu kuɗi suka ci gaba da gyara motocinsu, sannan suka zo cefanen direbobi. Tänak ya koma Toyota a 2018 ya zama zakara da ita a 2019. Ogier ya tafi Citroën. Evans ya bi sahun Toyota a 2020. Tun kafin su, Neuville ya zo na biyu a duniya da motar M-Sport a 2013, Hyundai ta ɗauke shi. Da dokoki suka sake sauyawa a 2022, abin ya maimaita kansa: Loeb, yana da shekara 47, ya ci Monte Carlo da sabuwar Puma, daga nan tawagar ta riƙa ja da baya. Tänak ya dawo a 2023 ya ci Suwidin da Chile, ya sake tafiya. Adrien Fourmaux ya haskaka a 2024, Hyundai ta ɗauke shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka auna M-Sport da kofi zalunci ne. Amfaninta ga gasar shi ne ita ce ba ta tafiya, don rali ne abincinta. Kuma ba ƙaramin abu ba ne cewa a 2025 Wilson ya zama mataimakin shugaban FIA mai kula da wasanni, ƙarƙashin Mohammed Ben Sulayem, wanda shi ma tsohon direban rali ne da ya ci gasar Gabas ta Tsakiya sau 14. Mutumin da ya fi kowa sanin zafin biyan albashi ba tare da kamfani a bayansa ba yanzu yana teburin da ake rubuta doka.

Idan aka jera waɗanda suka fice, za a ga cewa da wuya rashin nasara ya zama dalili. Lancia ta ci kambu shida a jere daga 1987 zuwa 1992 da Delta, ta janye. Peugeot ta ci uku daga 2000 zuwa 2002, ta tafi a ƙarshen 2005, Mitsubishi ma a wannan lokacin ta tsaya. A Disamban 2008, da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, Suzuki da Subaru suka fice cikin kwanaki kaɗan a tsakaninsu. Subaru fa ita ce wadda rali ya yi wa suna, shuɗiyar Impreza ta Colin McRae da Richard Burns da Petter Solberg. A shekarar 2000 kamfanoni bakwai ne ke fafatawa, zuwa 2009 saura biyu, Citroën da Ford. Citroën ce ta zo da dalili na daban: da Ogier ya bar ta a ƙarshen 2019, ta ce babu direban ajin farko da ya rage a kasuwa, ta rufe tawagar. A nan an ga cewa igiyar tana jan ɓangare biyu. Direba na bin kuɗi, amma wani lokaci kuɗin ma direba yake bi. Ita dai Citroën ɗin ce a 2006 ta ɗauki hutun shekara, ta miƙa motocinta ga tawaga mai zaman kanta ta Kronos, Loeb kuma ya ci kambu duk da ya karye a hannu ya rasa tseruka huɗu na ƙarshe. Ana kiran wannan nasarar masu zaman kansu, amma motar da injiniyoyin da suka raine ta na kamfani ne.

Me ya sa sababbin kamfanoni ba sa shigowa? Dalili na farko shi ne zaren da ya ɗaure motar tsere da motar kasuwa ya tsinke. A zamanin dokokin mota da ake kira rukunin B, daga 1982 zuwa 1986, dole kamfani ya ƙera motoci 200 irin wadda zai yi tsere da ita. Motocin suka zama dodanni, aka yi asarar rayukan 'yan kallo a Fotugal, sannan Henri Toivonen da mai karanta masa hanya Sergio Cresto suka ƙone a Kosika a Mayun 1986, aka soke rukunin. Rukunin A da ya gaje shi ya nemi motoci 5,000, daga baya 2,500, kuma wannan doka ce ta haifi Delta Integrale da Impreza da Lancer Evolution, motocin da mai kallo zai gani a daji ranar Lahadi ya je ya saya ranar Litinin. Audi ma ta hanyar rali ta sayar wa duniya da fasahar jan taya huɗu tun 1981. Motar Rally1 ta yau kuwa kejin bututun ƙarfe ce da aka lulluɓe da fatar da ta yi kama da motar kasuwa. Ta fi kare rai, babu musu. Amma daraktan talla zai tambaya: wace mota muke tallatawa? Ƙananan motocin da aka saba tsere da su suna ɓacewa daga kasuwa, Ford ya daina ƙera Fiesta a 2023, kuɗin bincike na kamfanoni kuma ya karkata ga motocin lantarki.

FIA ta yi ƙoƙarin bin wannan iska. A 2022 ta sa aka haɗa wa motocin na'urar lantarki mai kilowat 100, wadda ke ɗaga ƙarfinsu zuwa doki 500 na ɗan lokaci, aka kuma koma man da ba na haƙowa ba. Manufar ita ce a jawo sababbin kamfanoni. Ko ɗaya bai zo ba. Na'urar iri ɗaya ce ga kowa, daga kamfani ɗaya, Compact Dynamics, don haka babu mai iya cewa fasaharsa ce ta ci. Farashin mota ya doshi yuro miliyan ɗaya, kuɗin gyaran na'urar ya yi ta hauhawa, aka cire ta gaba ɗaya kafin kakar 2025. Shekara uku na kashe kuɗi, aka dawo inda aka tashi.

Dalili na biyu shi ne 'yan kallo. Rali wasa ne mai wahalar nunawa a talabijin: kwanaki ana yi, a daji, motoci ba sa wuce juna. An ƙirƙiro zangon ƙarshe mai ƙarin maki a 2011, aka ƙara makin ranar Lahadi a 2024, duk don a samu abin da za a haska kai tsaye. Amma a daidai lokacin Formula 1 ta mamaye matasa, gasar juriya kuma ta cika da Ferrari da Porsche da Toyota da Peugeot da BMW da Cadillac, saboda dokokinta sun rage tsada sun kuma ba kowa damar yin mota mai kamanninsa. Kamfanin da ke da kasafi ɗaya na tsere yana da inda zai kai shi.

Abin mamaki, a ƙasa da rukunin ƙoli kasuwa na ci. Motocin Rally2 sun fi araha nesa ba kusa ba, ana sayar da su ga duk mai iya saya, suna tsere a gasannin ƙasashe da na nahiyoyi. Škoda ta sayar da ɗaruruwan Fabia, ga Citroën da Hyundai da M-Sport da Toyota, Lancia ma ta wannan ƙofa ta zaɓi dawowa da Ypsilon. A nan sashen tsere na kamfani kuɗi yake shigowa da su, shi ya sa babu mai gaggawar rufe shi idan kasuwa ta yi sanyi.

Dokokin 2027, waɗanda FIA ta amince da su a Disamban 2024, daga wannan darasi aka ɗebo su. An sa wa mota iyakar farashi, yuro 345,000. Za ta ci gaba da zama kejin ƙarfe, amma da inji da sassa irin na Rally2, kuma ana iya ɗora mata gangar jiki iri-iri. Mafi muhimmanci, an buɗe ƙofa ga gareji masu zaman kansu su ƙera tasu motar su shiga, ba sai da sunan babban kamfani ba. A taƙaice hukumar ta gaji da zaman jiran masu kuɗi, tana son gasar da za ta rayu ko sun zo ko ba su zo ba.

Ina ganin hanyar daidai ce, amma kada a yi zaton za ta daidaita kowa. An sa iyaka a kan kuɗin mota, ba a kan abin da tawaga ke kashewa ba. Albashin direbobi da na'urorin kwaikwayon tuƙi suna nan yadda suke, kuma Toyota ta riga kowa fara aikin sabuwar motar. Za a iya samun motoci ashirin a layin farawa maimakon goma, wanda ci gaba ne na gaske, amma na gaba ɗin su kasance fuskokin da aka sani. Akwai kuma haɗarin cewa motocin za su rage gudu da ruri, alhali su ne ke fitar da mutum ya tsaya a gefen hanya cikin sanyin asuba. M-Sport ce dokar ta fi yi wa daɗi a takarda, tunda ƙera mota a sayar shi ne aikinta tun fil'azal, sai dai zana sabuwar mota daga tushe na buƙatar jarin da sai an nemo mai zubawa. Hyundai kuwa tana da motar Rally2 a hannu, tana da aikin Le Mans a ɗaya hannun, kuma shawarar wanda za a fifita a Seoul za a yanke ta, ba a Alzenau ba.